*DARASIN LAFIYA: MAHAIFA DA MAƘWABTANTA, ABIN DA YA KAMATA KOWACE MACE TA SANI GAME DA JIKINTA*

Bismillahir Rahmanir Rahim.


 

Saƙonnin da ke shigo mana daga nan Fammar, da Tarai, da Durba, da cikin garin Kibiya har zuwa Rano, mafi yawansu da kalma ɗaya suke farawa: *sanyi*. Mara na ciwo, sanyi ne. Farin ruwa na fita, sanyi ne. Al'ada ta rikice, sanyi ne. Haihuwa ta yi jinkiri, shi ma sanyi ne. Daga nan sai a nufi mai lasifika ranar kasuwa, a sayo jarka guda da ƙullin gari, a sha, a yi matsi.

To 'yar uwa, ƙasan cibiyarki ba abu ɗaya ba ne. Sassa ne daban-daban Allah Ya shirya a wurin, kowanne da aikinsa, kowanne da irin ciwonsa da irin maganinsa. Akwai wata baiwar Allah da ta rubuto mana cewa ta fi shekara tana shan maganin sanyi saboda wani ruwa mai yauƙi da take gani a tsakiyar wata. Da muka bi bayaninta, sai ya zama alamar sakin ƙwai ce, wato lafiya ce tsantsa. Ƙaiƙayin da ya same ta daga baya, matsin da take yi ne ya jawo shi. Wata kuma jini take gani bayan kwanciyar aure, ta ce sanyi ne, alhali ita ce ke buƙatar likita da gaggawa. Rashin sanin jiki ne ya cuci su biyun. Shi ya sa yau za mu bi sassan nan ɗaya bayan ɗaya, daga waje zuwa ciki.

*KUNYA BA TA HANA NEMAN SANI*

Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba. Fatima bint Abi Hubaish (RA) ta je da kanta ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da jinin da ba ya ɗauke mata, ya bambance mata shi da jinin haila, ya koya mata yadda za ta yi sallah. Ita kanta mahaifa, a Larabci *rahim* ake ce mata, kuma ya zo a hadisi cewa Allah Ya tsago sunanta ne daga sunanSa Ar-Rahman. Abin da aka girmama haka, saninsa ba batsa ba ne. Don haka a yi mana uzuri, za mu kira komai da sunansa cikin ladabi.

*1. SASHEN WAJE*

Ƙofofi uku ne a jere. Ta gaba ƙarama ce, ita ce ƙofar fitsari. Ta tsakiya ita ce ƙofar farji, ta nan jinin haila ke fita, ta nan ake haihuwa. Ta baya ita ce dubura. Mata da yawa suna zaton fitsari da jini ta hanya ɗaya suke fita, ba haka ba ne. Leɓɓa manya da ƙanana suna rufe ƙofofin biyu na gaba don kariya, sannan a sama akwai ɗan tsaka, wanda ke cike da jijiyoyin jin daɗi.

Amfanin sanin wannan jerin: idan za ki yi tsarki, ki fara daga gaba ki yi baya. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a dubura, idan hannu ya kwaso su zuwa gaba, su ne ke kawo zafin fitsari. Hanyar fitsarin mace gajera ce, kusan santimita 4, shi ya sa wannan ciwon ya fi kama mata.

A bakin farji akwai wani siririn tantani da ake kira tantanin budurci. Halittarsa ta bambanta daga mace zuwa mace. Na wata mai kauri ne, na wata mai talewa ne, kuma yana da kafar da jinin haila ke bi. Saboda haka ba kowace budurwa ce ke zubar da jini a daren farko ba. Angwaye da dangin miji, a ji tsoron Allah, kada a yi wa 'yar mutane ƙazafi a kan abin da ba hujja ba ne.

Haka nan cire angurya ga jarirai da yankan gishiri da wanzamai ke yi, babu wata cuta da suke warkarwa. Aska na iya ratsawa har mafitsara. Tun 2015 dokar tarayya ta hana kaciyar mata a Najeriya.

*2. FARJI*

Hanya ce mai tsawon santimita 7 zuwa 10, mai talewa har kan jariri ya wuce, sannan ta koma. Abin mamaki a nan shi ne Allah Ya zuba masu gadi a cikinta: wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo. Su ne ke sa wurin ya zama da ɗan tsami, kuma wannan tsamin ne ke hana miyagun ƙwayoyi zama.

Yanzu ki duba abin da muke yi. Kanwa kishiyar tsami ce, duk mai girki ta san idan miya ta yi tsami kanwa ake jefawa. Sabulu ma haka yake. Idan kika wanke ciki da sabulu, ko ruwan kanwa, ko Dettol, ko kika cusa alif, tafarnuwa, bagaruwa ko garin da ba ki san abin da ke ciki ba, masu gadin kike kashewa. Bayan kwana biyu sai ƙaiƙayi da ƙarni, sai ki ce sanyi ya dawo, ki ƙara wani matsin. Haka ake ta zagaye.

Ciki yana wanke kansa da kansa. Naki shi ne waje, da ruwa mai tsafta. Miskin da Sunna ta kwaɗaitar bayan wankan haila, ki sani da yawan abin da ake sayarwa yau da sunan farin miski haɗin turare ne na kamfani, don haka ki tsaya a shafa shi daga waje, idan kuma yana miki zafi ki bar shi.

*Ruwan lafiya:* fari ko garai-garai, babu wari, babu ƙaiƙayi, yana ƙaruwa a tsakiyar wata da lokacin goyon ciki.
*Ruwan ciwo:* mai gudaji kamar awara tare da ƙaiƙayi, ko mai ƙarni kamar kifi, ko ruwan ɗorawa, ko kore, ko mai haɗe da jini, ko wanda ya zo da zazzaɓi da ciwon mara. Waɗannan cututtuka ne mabambanta, maganinsu ma daban-daban ne. Gwaji ne ke raba su.

*3. BAKIN MAHAIFA*

A ƙarshen farji akwai bakin mahaifa, mai ɗan tauri kamar kan hanci, da 'yar ƙaramar kafa a tsakiya. Shi ne mai tsaron ƙofa. Yawancin kwanakin wata majina mai kauri ce ke toshe shi. Idan lokacin sakin ƙwai ya zo, majinar sai ta tsinke, ta yi yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, don maniyyi ya samu hanya. Idan ciki ya shiga sai ya kulle har wata tara. Ranar naƙuda kuma ya buɗe a hankali har santimita 10. Idan kin ji ungozoma ta ce "kin kai shida", wannan buɗewar take aunawa. Yin nishi kafin ya gama buɗewa na iya kumbura shi ko yaga shi, don haka a daina matsa wa mai naƙuda da "yi yunƙuri" tun lokaci bai yi ba.

Cutar dajin bakin mahaifa ita ce ta biyu a cikin cututtukan daji da suka fi kama matan Najeriya, bayan ta mama. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, kuma tana ɗaukar shekaru tana ɓoye. Alamominta: jini bayan kwanciyar aure, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan mace ta daina haila, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta. Manya kuma akwai gwajin bakin mahaifa a manyan asibitoci irin su Asibitin Malam Aminu Kano. Idan an kama ta da wuri ana warkewa da yardar Allah.

*4. MAHAIFA*

Ga uwar tafiyar. Idan babu ciki, girmanta bai wuce dunƙulen hannunki ba, tsawonta kamar santimita 7 zuwa 8. Amma a wata na tara tana kaiwa har ƙasan haƙarƙari, nauyinta ita kaɗai kusan kilo 1. Bayan haihuwa sai ta riƙa tsukewa har ta koma mazauninta cikin mako shida, wato daidai da kwana arba'in ɗinmu. Ciwon marar da mai jego ke ji idan jariri na shan mama, wannan tsukewar ce, kuma ita ke tsayar da jini. Shi ya sa ake son a sa jariri a mama da zarar an haife shi.

Jikin mahaifa tsoka ce mai ƙarfi, a cikinta kuma akwai shimfiɗa mai laushi. Mu manoma ne, za mu gane da misalin gona. Kowane wata mahaifa tana yin sharar gona, ta kai taki, ta yi huɗa, tana jiran iri. Idan iri ya zo ya kama, shi ne ciki. Idan bai zo ba, sai ta kwashe shimfiɗar ta zubar, ta sake sabon shiri. Wannan zubarwar ita ce haila. Jinin da ke fita a al'ada guda yawanci bai wuce cokalin cin abinci biyu zuwa uku ba, sauran ruwa ne da ɓarɓashin shimfiɗa.

Ƙarin mahaifa, wanda a asibiti ake ce wa faibroid, curin tsoka ne da ke fitowa a jikinta. Ba daji ba ne, ba kuma cikin aljani ba ne. Ya fi yawa a matan baƙar fata. Ƙanana da ba sa damun mace sau da yawa ana barinsu. Wanda ke sa zubar jini mai yawa ko kumburin ciki, sikanin ne zai nuna shi, likita ya faɗi mafita.

*5. BUTUTUN MAHAIFA*

Guda biyu ne, dama da hagu, kowanne tsawon santimita 10 zuwa 12, hanyar cikinsa siririya ce ƙwarai. Bakinsa kamar yatsu yake, yana cafke ƙwai idan ya fito. A cikin bututun nan ne maniyyi ke haɗuwa da ƙwai, sannan abin da aka haɗa ya gangara zuwa mahaifa cikin 'yan kwanaki.

Nan ne ainihin ciwon sanyi, wanda ake ɗauka ta kwanciya, yake yin ɓarna. Idan ba a magance shi da kyau ba yana haurawa ya bar tabo, bututu ya toshe, haihuwa ta tsaya. A nan muna kira ga maigida: idan aka ce matarka na da irin wannan ciwon, kai ma sai ka sha magani, idan kuma mata biyu ne ko uku, kowa sai ta sha a lokaci guda. In ba haka ba, ana ta zuba ruwa ne a kwando.

Wani lokaci ciki yana maƙalewa a bututu ya fara girma a can. Tun kusan shekara dubu da suka wuce likitan Musulmin Andalus, Az-Zahrawi, ya yi bayanin cikin da ke zama a wajen mahaifa. Alamarsa: ɓatan wata ɗaya ko biyu, ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ɗigon jini, jiri ko suma. Wannan ba ya jiran gari ya waye. Bututun na iya fashewa jini ya zuba a ciki. A nemi mota ko babur a tafi asibitin da ake tiyata, kamar Babban Asibitin Rano.

*6. ƘWAYAYEN MACE*

Su ma biyu ne, kowanne kamar girman dabino. Ana haihuwar yarinya da ƙwai miliyan 1 zuwa 2 a ajiye. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000, kuma waɗanda za ta saki a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Su ne kuma ke samar da sinadaran estrojin da projestaron, masu fito da ƙirji, masu tsara al'ada, masu riƙe ƙaramin ciki. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 sai su yi ritaya, haila ta ɗauke. Zafin jiki, gumin dare da saurin fushi da iyayenmu ke ji a wannan lokacin, daga nan suke. A yi musu haƙuri, ba jifa ba ne.

*7. LISSAFIN WATA*

Ana fara ƙirga daga ranar farko da kika ga jini zuwa ranar farko ta jini na gaba. Daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne, ba dole sai 28 ba. Ƙwai yana fita kusan kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Mai kwana 28 za ta sake shi wajen rana ta 14, mai kwana 32 wajen rana ta 18. Ƙwai yana rayuwa awa 12 zuwa 24 kawai, maniyyi kuwa yana iya kai kwana 5 a jikin mace. Mai neman haihuwa ta lura da kwanakin da take ganin ruwan nan mai yauƙi.

Abu biyu ga mazaje da surukai. Na farko, ƙwan mace iri ɗaya ne kullum, ana kiransa X. Maniyyin namiji ne ke zuwa da X ko Y. Idan X ya shiga a samu mace, idan Y ya shiga a samu namiji. Kyauta ce ta Allah kamar yadda Ya bayyana a ƙarshen Suratush Shura, amma ta fuskar sababi daga wajen uba abin yake. Don haka gorin "ba ta haihuwa sai mata" zalunci ne. Na biyu, idan an shekara ana tare babu ciki, miji da mata ne za su je gwaji. Na miji ma ya fi sauƙi da araha.

*8. HUKUNCIN SALLAH DABAN, HUKUNCIN LAFIYA DABAN*

A Islamiyya mun karanta a Ahlari cewa mafi tsawon haila ga mai farawa kwana 15 ne, wadda ta saba kuma idan jini ya zarce za ta ƙara kwana 3 a kan al'adarta matuƙar ba ta haura 15 ba, mafi tsawon jinin biƙi kuma kwana 60. Wannan iyakar ibada ce: yaushe za ki bar sallah, yaushe za ki yi wanka. Ba tana nufin mai yin kwana 12 kowane wata lafiyarta ƙalau ba. A likitance, jinin da ya wuce kwana 7, ko mai jiƙa ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu, ko mai manyan gudaji, yana ƙarar da jinin jiki. Haka nan malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin hukuncin jinin mai ciki, amma duk jinin da mai ciki ta gani, kaɗan ko da yawa, a je asibiti a ranar. Ki tambayi malam hukuncin sallarki, ki tambayi likita dalilin jininki.

*9. MAƘWABTA: MAFITSARA DA HANJI*

Mafitsara tana gaban farji, ƙarshen hanji yana bayansa, siririn bango ne kawai ya raba su. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya tokare a ƙugu, yana danne wannan bangon a jikin ƙashi. Jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya huje. Shi ne yoyon fitsari. Ya fi samun wadda ƙugunta bai gama faɗi ba, da wadda aka bari a ɗaki kwana biyu ana ba ta rubutu da jiƙo ana cewa ta yi dauriya.

Ƙa'ida mai sauƙi: kada rana ta fito ta faɗi a kan naƙuda ɗaya a gida. Mafi alheri ma a haihu a asibiti, musamman haihuwar fari. A yi addu'a, a kuma nemi mota, duk biyun tawakkali ne. Wadda abin ya riga ya sama kada a ware ta, ana ɗinke shi. Akwai Cibiyar Laure a Asibitin Murtala da ke Kano, akwai Babbar Ruga a Katsina, akwai kuma Jahun a Jigawa.

*10. ABIN DA ZA KI IYA YI A GIDA*

▪️ Ki riƙa rubuta ranar da al'adarki ta zo, ko a bangon littafi ne. Ita ce tambayar farko a asibiti.
▪️ Don mayar da jini: zogale, alayyafo, rama, wake, hanta da kifi. Ki haɗa da lemo ko tumatir, ki nisanta shayi daga lokacin cin abinci.
▪️ Ciwon mara na al'ada: shayin citta da zuma, da ɗumama mara da tsumma mai ɗumi. Wanda ke kayar da ke kowane wata kuwa, a bincika.
▪️ Zuma, habbatus sauda da man zaitun abubuwa ne masu albarka, a ci a sha daidai misali. Ba a cusa su a gaba, kuma ba sa buɗe bututun da ya toshe.
▪️ Mai ciki ta guji yawan hulba da duk wani jiƙo da ba ta san haɗinsa ba, ta kuma fara awo da wuri.
▪️ Ƙunzugu na tsumma a wanke da sabulu, a shanya a rana, kada a ɓoye shi a ƙarƙashin katifa da danshi.
▪️ Mai jego ta rage kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shansa da ciwon zuciya bayan haihuwa. Kumburin ƙafa da haki ga mai jego, asibiti ne.

Uwa, ki zaunar da 'yarki tun tana shekara tara ko goma ki yi mata wannan bayanin da bakinki, kafin ta ga jini ta firgita, ko ƙawa ta koya mata abin da ba shi ba. Maigida, idan ta ce maka tana son zuwa asibiti, izninka da kuɗin mota na iya zama sanadin tsira da ranta.

Mai tambaya ta turo ta akwatin sirri, ta faɗi shekarunta, ranar al'adarta ta ƙarshe, da abin da take gani. Kada a tsaya a "ina da sanyi" kawai. Darasi na gaba in sha Allahu zai zo a kan awon ciki da alamomin haɗari ga mai juna biyu.

A tura wa 'yan uwa, a karanta wa waɗanda ba su da waya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma namu ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.